Da Wane Harshe Za a Koyar da Yaro? Sharhi a Kan Soke Manufar 2022

A watan Nuwamba na 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu yake Ministan Ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma, Minista Tunji Alausa ya sanar a Abuja cewa an soke wannan manufa, Turanci ne zai zama harshen koyarwa daga ajin farko har jami'a. Hujjarsa ita ce, yankunan da suka fi rungumar harshen uwa su ne suka fi faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. 'Yan'uwa masu hidima, da yawanmu muna kula da makarantu, dukanmu kuma malamai ne, don haka ya kamata mu auna wannan hujja.

Da farko, lissafin shekaru bai goyi bayanta ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a Rawayya a 2023 yana aji uku ne lokacin da aka soke manufar, ba zai zauna WAEC ba sai 2035. Waɗanda suka faɗi jarrabawa sun gama firamare tun kafin a sa hannu a kan takardar. Ta yaya za a ɗora wa shuka laifin yunwar da aka yi kafin a shuka ta?

Na biyu, akwai dalilan faɗuwa da suka fi harshe kusa. A Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata a makarantar Jangebe. A Satumba na wannan shekara, bayan satar ɗalibai a Kaya ta Maradun, gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu. A Satumban 2023 aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukinsu a Sabon Gida. Ɗalibin Tsafe ko Bunguɗu da ya yi watanni a gida, ya dawo ya tarar da aji ba kujera, ba Hausa ce ta kayar da shi ba.

Na uku, an riga an gwada abin a ƙasar nan. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun koyar da yara duk darussan firamare da Yarabanci, Turanci kuwa ya zama darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Duk mai son soke manufar ya wajaba ya fara amsa wannan sakamako.

Amma kada mu yi son kai a hukunci. Manufar 2022 tana da nata rauni. An sanar da ita ba tare da an tanadi isassun littattafan lissafi da kimiyya a harsunanmu ba, ba a kuma horar da malamai ba. Damuwar iyaye ma gaskiya ce: da Turanci ake rubuta JAMB, da shi ake neman aiki. A Gusau kuma akwai ajin da za a tarar da ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe da ɗan Ibo a benci ɗaya. Maganin waɗannan shi ne a buga littattafai, kwalejojin ilimi irin ta Gusau su horar da masu koyar da karatu da Hausa da masu koyar da Turanci sosai. Hausa ba ta rasa kayan aiki ba, tun da ana nazarinta har digiri na uku a Zariya da Kano da Sakkwato.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma sau da yawa ɗalibinmu yakan haddace bayanin malami da Turanci, ya ci jarrabawa, ya hau bagade ya kasa fayyace “barata” ga tsohuwar da ke gabansa. A Nehemiya sura 8, Lawiyawa sun bi karatun Shari'a da bayani har jama'a suka gane. Ma'aunin koyarwa ke nan. Shawararmu ita ce, a makarantunmu a kafa wa yaro karatu da harshen da yake tunani da shi, a kuma ba Turanci malami nagari tun daga aji ɗaya.

Tambayoyin nazari:
1. Da wane harshe ake koyarwa a aji ɗaya zuwa uku a makarantar da ke kusa da ikilisiyarku, yara nawa ne kuma suke iya karanta shi?
2. Zaɓi kalmomin tauhidi uku, ka bayyana kowace da Hausar da manomi zai gane.