Masu Zanenmu, Ina Dutsen Bima?

Jama'a, ku duba hotunan da masu zane ke yi mana a shagunan aski da gidajen abinci, daga Jekadafari har Bolari. Kusan duk iri ɗaya ne: dutse mai dusar ƙanƙara, tafki shuɗi, ɗan gidan katako irin na Turawa. Hannun da kyau, amma daga kalanda aka kwafo. Mutum yana zaune Gombe yana zana ƙasar da bai taɓa takawa ba, alhali ga Dutsen Bima, ga ruwan Dadin Kowa, ga duwatsun Kaltungo.

Ba maganar halal da haram nake ba. A Bukhari da Muslim, Ibn Abbas ya shawarci wani mai zane ya riƙa zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Abin da ya rage ƙarfin zuciya ne. A 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka ƙi bin salon Ingila ido rufe, suka waiwayi na gida. Yau duniya ta san su.

Tsadar yadin zane ke sa hannu rawa. To ku nemi takarda mai kauri, ku shafe ta da farin fentin ruwa ya bushe, don kada mai ya cinye ta, sannan ku zuba fentin mai ba tsoro. In ta ɓaci, asarar kaɗan ce. Ku fita da hantsi ku zano mana hazon hunturu da kukokin bayan gari. Mu 'yan kasuwa kuma, in sun kawo, mu saya da daraja.