Faifan Kaani na Tal National: Kiɗan Maƙwabta da Muka Toshe wa Kunne

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. To amma akwai kiɗan da ya sauya a ƙofar gidanmu, mutanen nesa suka taka rawarsa, mu kuwa ko juyowa ba mu yi ba. Ina nufin faifan Kaani, wanda ƙungiyar makaɗan jita ta Tal National da ke Yamai ta fitar a 2013.

Na fara jin faifan ne a tashar Magama, a motar wani direba mai jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi. Washegari na tambayi ɗalibaina na ajin ƙarshe ko akwai wanda ya san ƙungiyar, ba a samu ko ɗaya ba, alhali kuwa sun haddace waƙoƙin finafinan Indiya. Daga nan zuwa Maraɗi tafiyar ba ta wuce kilomita 60 ba, kuma har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkin can.

Hamadal Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ƙungiyar a 2000. Makaɗin jita ne, tsohon ɗan ƙwallon ƙafa, kuma a lokacin da faifan ya fito alƙali ne a Yamai. Kafin Kaani sun yi Apokte da A-Na Waya, waɗanda suka karɓu a Nijar. Wani Ba'amurke daga Shikago, Jamie Carter, shi ya ɗauki Kaani a Yamai, kamfanin FatCat na Ingila kuma ya buga shi. Waƙoƙi takwas ne a ciki, har da "Zigda" da "Wongharey" da "Sarkin Fada". Makaɗan sun fito daga ƙabilu dabam-dabam, Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye, kuma haka harsunan waƙoƙinsu suke.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke riƙe jita. Bature yakan haɗa tsirkiya uku ko huɗu ya kaɗa su tare, amon ya zama shimfiɗar da murya za ta hau. Su kuwa waɗannan tsinkar tsirkiya suke yi ɗaya bayan ɗaya, da sauri, a ɗauko gajeren zango a yi ta maimaita shi ana ɗan sauya masa kama, tamkar yadda Haruna Uji yake yi da gurmi ko Ɗan Maraya Jos da kuntigi. Jita guda ta ajiye zango, wata ta shigo ta cike gurbin da ta bari, sai ka ji kamar mata biyu na daka a turmi ɗaya, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi. A ƙarƙashinsu ga gangunan Turawa, ga kuma kalangu yana sa baki. Duk wanda ya tashi da jin kiɗan Mamman Shata ba zai ji baƙunci a nan ba. Wajen waƙa kuwa, zubin jagora da 'yan amshi ne, irin wanda muka sani a dandali.

Wannan ƙwarewa ba a ɗakin ɗaukar sauti aka same ta ba. Mutane ne da suka saba kiɗan sa'o'i biyar a dare guda, a gidajen biki da wuraren shaƙatawa na Yamai. Shi ya sa za ka ji sun taka burki gaba ɗaya a tsakiyar waƙa, sun sauya taki, ba wanda ya yi saura a baya. Na'ura ba ta koyar da wannan, sai yawan zama tare.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, haka kuma ba a rasa aibi a aikin ɗan Adam. Na farko, faifan ba ya barin kunne ya huta. Yawancin waƙoƙin dogaye ne kuma a guje suke, abin da ya dace da filin rawa amma yake gajiyar da wanda ya zauna don sauraro. Na biyu, a wurare da dama kiɗa ya rinjayi murya, shi kuwa Bahaushe magana yake fara nema a waƙa, jigo da azanci da habaici, kafin ya waiwayi kiɗa. Wanda ya zo neman irin hikimar Narambaɗa zai koma da ƙishirwa.

To amma waɗannan ba su isa hujjar watsin da muka yi da shi ba. A nawa ganin dalilai uku ne. Na ɗaya, tun daga ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan fim ɗin Sangaya, fiyano ya mamaye waƙar Hausa, har kunnen yaranmu ya manta da amon tsirkiyar da yatsa ya taɓa. Hatta Fati Nijar, da ta zo daga Maraɗi, sai da ta bi wannan hanya a Kano ta samu karɓuwa. Na biyu, mun ɗauki jita kayan mashaya, ba mu ba ta matsayin da za a yi nazarinta ba, duk da cewa a shekarun 1990 kaset ɗin Sa'adu Bori na Maraɗi ya shiga lunguna da saƙo na Arewa. Na uku, mu manazarta mun mayar da nazarin waƙar baka nazarin kalmomi zalla. Ɗalibi zai rubuta kundi guda a kan makaɗi, ya kawo jigo da salo da adon harshe, amma kiɗan bai samu ko shafi ɗaya ba.

Kada a ɗora laifin a kan iyaka. Gaskiya ne an rufe ta a 2019, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, amma faifan ya riga waɗannan da shekaru shida, kuma waƙa ba ta tsayawa a shingen kwastan. Buhun shinkafa ma ya san hanya, balle abin da ake turawa daga waya zuwa waya.

Asararmu a nan ita ce darasin da muka ƙi ɗauka. Masu gurmi da garaya da kukuma suna ƙarewa, 'ya'yansu ba sa gado, muna ta kukan cewa zamani ya kashe kiɗan gargajiya. Kaani ya nuna cewa ana iya sauya kayan kiɗa ba tare da an yar da hannun kiɗan ba. Buzaye sun gane haka, shi ya sa Tinariwen na Mali suka ci kyautar Grammy a 2012, Bombino da Mdou Moctar na Nijar kuma suke zagaya duniya da jita.

Shawarata ga 'yan uwa malamai da marubuta ita ce a nemi faifan, a saurare shi sau biyu, sannan a sa kaset ɗin Haruna Uji a kwatanta. Gidajen rediyonmu na Katsina su ma su ba shi fili. In an saurara an ce bai yi ba, wannan hukunci ne. Amma yanke hukunci ba a ji ta bakin mai ƙara ba, ko alƙalin da ya jagoranci kiɗan ba zai yarda da shi ba.

Allah Ya sa mu dace.