Dodo a Silima: Sharhi kan Sauyin Finafinan Ban Tsoro

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun dodo a finafinan ban tsoro, wato a duba inda masu shirya su suka riƙa ajiye abin tsoron daga zamani zuwa zamani. Mai nazarin tarihinsu zai lura cewa dodon ya faro ne daga uwa duniya, ya yi ta matsowa har ya shigo ɗaka.

Masana kan fara lissafi daga Le Manoir du diable, ɗan gajeren fim da Georges Méliès ya yi a Faransa a 1896, ko da yake ya fi kusa da wasan rufa-ido. Ginshiƙi na sosai a Jamus aka kafa shi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, musamman da Nosferatu (1922) na F. W. Murnau. Dodon wannan fim baƙo ne mai shan jini, wanda ya iso gari cikin jirgin ruwa tare da ɓeraye da annoba, hasken alfijir kuma ya halaka shi. Saura ƙiris fim ɗin ya salwanta, domin matar marigayi Bram Stoker ta kai ƙara cewa daga littafin mijinta aka ɗebo labarin, kotu ta ce a lalata shi. 'Yan kwafi kaɗan suka tsira. A kan wannan turba kamfanin Universal na Amurka ya fito da Dracula da Frankenstein a 1931. Tsarinsu bai yi nisa da na tatsuniya ba: dodo ya addabi gari, a taru a gama da shi, kowa ya koma gida. Hatta Gojira (1954) na Ishiro Honda, wanda gwajin makamin nukiliya ya taso da shi daga teku shekara tara bayan Hiroshima, daga waje ya zo, kuma an kashe shi, sai dai a nan hannun ɗan'adam ne ya tono shi.

Babban juyi ya zo ne a 1960 da Psycho na Alfred Hitchcock. Babu fatalwa, babu tsohuwar fada a kan tsauni. Akwai dai wani saurayi mai kunya da ladabi, mai kula da masaukin matafiya a bakin hanya. Hitchcock ya sa mai kallo ya shaƙu da tauraruwar fim ɗin, sa'an nan ya kashe ta a wurin wanka tun labari bai kai rabi ba. Da wannan ya warware alkawarin da ke tsakanin mai ba da labari da mai sauraro, cewa wanda aka bi tun farko shi zai kai ƙarshe. George Romero ya ƙara zurfafa abin a Night of the Living Dead (1968). Jarumin, baƙar fata, ya kwana yana kare kansa daga gawawwaki masu tafiya, da gari ya waye sai ayarin Turawan da suka fito ceto suka bindige shi. An nuna fim ɗin 'yan watanni bayan kisan Martin Luther King, saboda haka 'yan kallo ba su bukaci tafinta ba. A The Exorcist (1973) kuwa, shaiɗanin a jikin 'yar gida ya tare.

Amma fa ba duk sauyi ne ci gaba ba. Nasarar Halloween (1978) ta haifar da tarin kwaikwayo irin su Friday the 13th (1980), inda aka mai da yawan jini ma'aunin gwaninta. Waɗannan ƙyama suke sa wa da razana ta ɗan lokaci, wadda kan gushe da an kunna fitila, alhali tsoro na gaske shi ne wanda kan raka mutum har shimfiɗarsa.

Get Out (2017) na Jordan Peele, wanda ya sami lambar Oscar ta rubutun labari, ya komo kan hanyar Romero. Dodanninsa iyayen budurwa ne, Turawa masu fara'a da karɓar baƙi, waɗanda suka yi gwanjon jikin saurayin 'yarsu baƙar fata. Bayan ya kuɓuta, sai ga mota mai fitilu irin na 'yan sanda ta tsaya, shi kuwa ya ɗaga hannuwa sama tun kafin ya ga cewa abokinsa ne a ciki.