Teburin Sarkin Faransa da Adakarmu ta Gida

Duk wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci da takardar shaida a hannu, ya shigo da wata sabuwar baƙuwa gidansa, watau takarda. Baƙuwar nan kuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Yau takardar shaidar karatu, gobe katin zaɓe, jibi katin ɗan ƙasa, ga takardun haihuwar yara, ga rasit na taki, ga kuma uwa uba, takardar cinikin gona wadda mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu. Kakanninmu sun yanka wa ko wane abu mazauninsa: hatsi a rumbu, ƙorai a ragaya, tufafi a adaka, Alƙur'ani a gafaka. Takardun zamani ne kaɗai ba su sami ɗaki ba. Sai ka tarar da su a ƙarƙashin katifa, ko an soke su a jikin azara, ko suna cikin langa tare da allura da zare.

Saboda haka ya kamata mu duba wani irin tebur da mutanen Faransa suka ƙago musamman domin takarda, mu auna shi, mu ga abin da ya cancanci yabo a jikinsa da abin da bai cancanta ba. Ba don nishaɗi za mu yi haka ba. Fasalin kayan Faransa ya riga ya cika shagunan kayan ɗaki na birnin Kano, kafintoci kuma suna kwaikwayonsa daga hotunan da a ke nuna musu a waya, har ya kai ɗakunan amare a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Sunan teburin nan a bakinsu daidai ya ke da kalmar nan da muka sani, sakatare, watau magatakarda, asalin kalmar kuwa daga asiri ne. Irin wanda ya yi tashe a Faransa wajen shekarar 1760 a tsaye ya ke kamar kabad, yana jingine da bango, bai cin wuri. A tsakiyarsa akwai faffaɗan murfi. In ka sa mabuɗi ka jawo murfin, sai ya kwanto gabanka ya zama wurin rubutu, an shimfiɗa masa fata a ciki. Bayan murfin ga ƙananan aljihuna da ramuka jere kamar ɗakin tattabaru, ko wace takarda da raminta. A ƙasa akwai ƙofofi biyu na ajiye manyan kaya. In ka gama, ka tayar da murfin ka kulle, babu mai sanin abin da ka rubuta.

Mafi shahara cikin dangin teburan nan shi ne wanda aka yi wa Sarki Louis na 15. Shi nasa murfin naɗewa ya ke yi, ba kwantowa ba. Wani gwanin kafinta mai suna Oeben ya fara aikinsa a 1760, ya mutu a 1763 bai gama ba, almajirinsa Riesener ya ƙarasa a 1769. Shekara tara a kan tebur guda! An yi masa wata dabara ta ƙarfe a ciki, yadda mabuɗi ɗaya tak ya ke kulle murfin da aljihunan gaba ɗaya. Shekara ashirin bayan gama shi, a 1789, talakawan Faransa suka tayar wa sarauta, daga baya aka yi gwanjon kayan fada masu yawa, amma teburin ya tsira, yana nan a fadar Versailles har yau, mutane na zuwa kallo.

To, a nan ne yabona ya ke. Wanda ya ƙago teburin nan ya fara tambayar kansa, me za a ajiye? Da ya sami amsa, sa'an nan ya ɗauki zarto. Ya san takarda ba ta son a danne ta da kaya, ba ta son a cuɗa ta da wata, kuma mai ita yana so ya sa hannu ya ɗauko ta ko da cikin duhu. Ya san kuma mai rubutu yana bukatar abin ɗora hannu, ba gwiwarsa ba. Wurin ajiya, da wurin rubutu, da kulle, duka uku a abu ɗaya wanda faɗinsa bai kai tabarma ba. Lalle wannan hikima ce, ba kuwa sai sarki ya ke bukatarta ba. Sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a Tudun Wada, ko matar da ke riƙe da littafin adashi a Kofa, sun fi Sarki Louis bukatarta, gama shi yana da magatakarda da dogarai, su kuwa ba su da kowa sai kansu.

Amma da fasalin nan ya taso zuwa ƙasarmu, sai ya bar hikimar a hanya, ya iso da kwalliyar kaɗai. Ya biyo ta Masar, inda kafintocin birnin Dimyaɗ suka daɗe suna sassaƙa kujeru irin na sarakunan Faransa suna shafa musu ruwan zinariya, ya biyo ta Turkiyya da Sin. Abin da ya iso mana shi ne lanƙwasassun ƙafafu, da furanni, da ƙyalƙyali. Ka shiga ɗakin amarya ka ga gado mai kambi, da madubi mai kambi, da kabad mai gilashi, duk sun sha ruwan gwal, amma ka nemi aljihu ɗaya mai kulle na kirki inda za a sa takardar asibitin jariri, ka rasa. An ɗauki rawanin, an bar malamin.

Ko da a ce na ainihin ne aka kawo, tsoho mai shekara ɗari biyu, da ba zan ba kowa shawarar saye ba a ƙasar nan tamu. Ga dalili. Jikinsa katako ne mai ƙarfi, amma kyan nan da a ke gani a waje ɓawon itace ne siriri, kaurinsa bai fi na kwabo ba, an yanka shi gutsi-gutsi an manna da gam na fata da ƙashi. Itace kuwa ko ya bushe yana numfashi: ya sha laima ya kumbura, ya sha iska ya tsuke. Faransa ba ta da hunturu irin namu mai tsage leɓe da diddige. Mu kuwa a kudancin Kano abu biyu ne ke karɓa-karɓa a kanmu. Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa arewacin jihar, balle wajen duwatsun Riruwai da gefen dajin Falgore, inda a watan Agusta tufa ke yin fumfuna a cikin ɗaki. Bayan wata huɗu kuma iska ta bushe ƙayau. Ɓawon da aka manna ba ya jure wannan ja-in-ja; sai ya ɗago, ya tsage, ya zube.

Na kwaikwayon ya fi muni. Yawancinsa ba itace ba ne, garin katako ne da aka cuɗa da gam aka danne, wanda kafintoci ke kira MDF. Furannin ma sau da yawa ba sassaƙa ba ce, zubi ne aka liƙa. Muddin yana bisa busasshen siminti, ba a motsa shi, yana iya daɗewa. Amma ranar da rufi ya yi yoyo, ko ruwan wanke ɗaki ya kwanta a gindinsa, sai ya kumbura kamar gurasar da aka jiƙa, ba ya kuwa komawa. Ƙusa ba ta kama shi sau biyu. A ɗora shi a mota daga Kano, a bi ta Kwanar Ɗangora, a sauka daga kwalta a kama hanyar ƙauye, kafin a isa wata ƙafar ta fara rawa. Ƙafafun nan sirara masu lanƙwasa kuwa domin shimfiɗaɗɗen daɓen fada aka yi su. A ɗakin da aka daɓe da ƙasa, sai an yi ta cusa musu tsingaro kafin su tsaya daidai. Ba a ma zancen gara, wadda ba ta san zinariya ba.

Kada mai karatu ya zaci adaka za ta fita ba laifi. Adakar ƙarfe tana da kirki ƙwarai: gara ba ta cinta, ɓera ba ya huda ta, kwaɗo ɗaya ya ishe ta, in tashi ya kama kuma mutum biyu sun ɗauke ta. Mutanen garuruwan da aka tayar sa'ad da aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, sun san darajar kayan da a ke iya ɗauka a ka. Aibinta shi ne ciki ɗaya gare ta. Kome a wuri guda ya ke, zane bisa takarda, takarda bisa turare. In ana neman katin rigakafin yaro sai an kwashe kayan duka an zube a gado. In kuma aka ajiye ta a ƙasa da damina, gindinta ya yi tsatsa, tsatsar ta ci takardar da ke can ƙasa, wadda galibi ita ce mafi tsufa, ita ce kuma mafi daraja.

Kabad mai gilashi kuwa ba ma'aji ba ne, wurin nuni ne. Jikan jere ne, daga ƙorai zuwa tasoshi, daga tasoshi zuwa samira da tangaran. Ba ni da ja da shi, gama ɗakin mace da jerenta a ke gane shi, kayan nan kuma dukiyarta ce da ta ke iya sayarwa ranar wuya. Sai dai a san aikinsa ke nan, kada a ɗora masa wanda ba nasa ba.

Abin nan ba ƙarami ba ne. Gona ta yi tsada a ƙasar nan tun da noman rani ya kafu, rigimar iyaka da ta gado kuma ba ta ƙarewa a gaban alƙalai. Shaidun da suka halarci ciniki suna tsufa, suna mutuwa. Takarda ce ke saura. Ranar da aka ce a kawo ta, aka buɗe, aka tarar gara ta cinye daidai wurin da sunayen shaidu su ke, ranar ce magada za su san kuɗin da aka kashe a kan gado mai kambi bai tsare musu ko kunya ɗaya ba.

Ga abin da na ke gani ya fi. A tafi wurin kafintan gari, wanda in abu ya lalace za a iya komo masa da shi, a ce ya yi ƙaramin kabad na katako tsantsa, tsawon ƙirjin mutum. A aro wa Faransawa abu uku kaɗai: murfi mai kwantowa, da ramuka shida ko takwas a ciki, da mabuɗi ɗaya. A bar musu furanninsu. Ƙafafu su zama miƙaƙƙu, masu kauri, su ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, yadda tsintsiya za ta shiga, ido kuma ya ga hanyar gara tun tana farawa. Kada a manna shi da bango.

Wajen katako, a nemi maɗaci ko kawo, a kuma tambayi kafinta yaushe aka tsaga shi, gama ɗanyen katako ko na wane itace ne sai ya murɗe da hunturun farko, murfin ya ƙi rufuwa. Madobiya tana da kyau, amma an yi mata ɓarna ana kai wa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017, dajin Falgore kuwa gandun gwamnati ne, ba a sara a cikinsa. Wanda bai da kuɗin kafinta bana, ya ɗora adakarsa bisa bulo huɗu, ya sami ƙaramar gwangwani mai murfi domin takardu kaɗai, ya sa ta a sama, ba a ƙasa ba. Takardar gona kuwa a kai ta a ɗauki hotonta a inji, a ba wani ɗan'uwa amintacce guda ya ajiye a wani gida dabam.