Gandoki: Ina Barde Ya Nufa Bayan Burmi?

Duk ɗalibin Hausa ya san Gandoki, littafin da Malam Bello Kagara ya rubuta don gasar da Rupert East ya shirya a nan Zariya cikin 1933, aka buga shi a 1934. Nufina a wannan ɗan sharhi in nuna inda nake ganin marubucin ya saki linzami.

Kashin farko ba shi da makusa. Malam Bello ya ɗora bardensa bisa doki, ya sa shi cikin yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa, tun daga Kwantagora a 1901 har zuwa hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, wadda ta ƙare a Burmi cikin 1903. Kirari na tashi, mai karatu kamar ya ji ƙarar kofato.

Amma da doki ya gamu da bindiga mai ruwa, sai marubucin ya kwashe Gandoki da ɗansa Garba Gagare ya kai su ƙasashen aljannu, inda takobi yake da sauran amfani. A ganina wannan gudu ne. Abin da ya kamata littafin ya faɗa mana shi ne yadda jarumi ya rayu bayan an ci ƙasarsa.

Tarihi kuwa bai rasa amsa ba. Dubi Chari Maigumeri, mutumin Barno, wanda zamaninsa ya mai da shi dakare. Ya yi wa Jamus yaƙi a Kamaru har suka ba shi lambar jaruntaka. Ya shiga sojan Ingila a 1917, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, su ma suka ba shi lamba, ya yi murabus a 1953. Akwai barikin soja mai sunansa a Lakwaja. Mutum ɗaya, lambobin sarakuna biyu masu gaba da juna, kuma duka baƙi ne gare shi. Me ke cikin zuciyar irin wannan mutum?

Na sani Malam Bello ya yi rubutu ne ƙarƙashin idon Turawa, yana da uzuri. Mu da muke karatu a Samaru, ga Daffo na horar da kurata kusa da mu, ba mu da shi. Labarin yana jiran alƙalaminmu.