Ba a Gashin Dante Gizo Ke Saƙar Ba

A shekarar 2010, a bikin baje kolin wasannin bidiyo na Tokyo, kamfanin Capcom ya sanar cewa zai sake gina Devil May Cry daga tushe, ya kuma damƙa aikin ga Ninja Theory da ke Ingila. Sai ga Dante da baƙin gashi, alhali tun 2001 muka san shi da fari. Masoyan wasan suka yi caa a kai. Har DmC ya fito a Janairun 2013 ƙurar ba ta lafa ba.

Masu kare sabon wasan suka ce ai sabo ne, kuma sabo turken wawa. Su ma masu ƙera wasan sun tsokani jama'a: a babin farko wani farin gashin kanti ya faɗo wa Dante a ka, ya dube shi a madubi, ya raina. Wannan tsokana ta karkatar da muhawarar zuwa kamanni, aka bar ainihin magana.

Ainihin maganar tana kan yatsu. Devil May Cry 3 da na 4 suna nuna hotuna 60 a kowane sakan, DmC kuwa 30 a kan PlayStation 3 da Xbox 360. Wato kowane hoto yana ɗaukar kusan milisakan 33 maimakon 17. A wasan da ake katse sara da tsalle cikin ƙiftawar ido, hannu yana jin wannan tazara ko da baki bai iya faɗarta ba. An cire maɓallin ɗaure ido a kan abokin gaba ɗaya. An kuma kawo aljanu ja da shuɗi waɗanda sai makami mai launinsu ke yi musu illa. A da wasan yana tambayarmu wane salo za mu ƙirƙiro. Yanzu shi ke faɗa mana makamin da za mu zaro.

Duk da haka, zalunci ne a ce DmC bai kawo komai ba. Birnin Limbo, inda titi ke tsagewa, gine-gine na murɗewa don su hallaka Dante, ya fi yawancin wuraren tsofaffin wasannin rai. Mayar da Mundus mai banki da ke mulkar mutane ta hanyar bashi, lemon kwalba da gidan talabijin tunani ne mai kaifi, ko da yake zage-zagen da aka cika labarin da su sun rage masa daraja.

Hujja ta zo a 2015. Gyararren bugun wasan ya dawo da hotuna 60, da maɓallin ɗaure ido, da zaɓin ƙarin sauri na kashi 20 cikin ɗari, ya kuma sassauta dokar launi. Dante yana nan da baƙin gashinsa, amma da yawa cikin masu suka suka sauko. A 2019 Hideaki Itsuno ya koma kan tsohon labari da Devil May Cry 5.

A ganinmu masoya sun yi gaskiya a ƙorafinsu, sun dai kuskure wurin nuna inda ke ciwo. Masu ƙera wasan kuma sun saurari ihun, ba su tona abin da ke ƙarƙashinsa ba sai bayan shekara biyu. Duk mai shirin sabunta abin da jama'a ke ƙauna, ya fara binciken abin da hannayensu suka haddace kafin ya taɓa fuska.