W.Afate: firintar da aka gina a cikin tsohon akwatin kwamfuta

A shekarar 2013, a birnin Lome na ƙasar Togo, wani matashi mai suna Kodjo Afate Gnikou ya gama haɗa wata na'ura da ta sa sunansa ya zaga duniya. Ilimin labarin ƙasa ya karanta, ba injiniyanci ba. Abin da ya haɗa firinta ce irin wadda ake kira 3D, wato mai fitar da abu da jikinsa, a ɗauka a riƙe a hannu, ba rubutu a kan takarda ba. Ya yi aikin ne a WoeLab, wani zauren ƙere-ƙere na matasa da masanin zanen gine-gine Sénamé Koffi Agbodjinou ya buɗe a 2012, aka kuma raɗa wa na'urar suna W.Afate. Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne gangar jikinta: tsohon akwatin kwamfutar tebur ne, irin dogon nan da ake ajiyewa a gefen allo, aka ƙwaƙule cikinsa aka zuba masa wasu kayan da bai taɓa ɗauka ba.

Aikin irin wannan firinta ba shi da wuyar fahimta. Zaren roba ake tura mata, ya bi ta wani bakin ƙarfe mai zafin da ya kai digiri 200, ya narke ya fito siriri. Bakin yana yawo gaba da baya, dama da hagu, yana shimfiɗa robar layi bisa layi, kamar yadda magini ke ɗora laka sahu bisa sahu har rumbu ya tashi. Kaurin kowane layi bai cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Don haka duk sirrin yana ga abu biyu: ƙananan injunan da ke motsa bakin daidai gwargwado, da firam mai ƙarfi da ba ya rawa.

Afate bai fara daga sifiri ba. Tun 2005 wani malamin Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya ɓullo da shirin RepRap, ya saki zanensa kyauta ga duk mai so. Daga wannan tsatso firintar Prusa Mendel ta fito, ita ce kuma aka kawo WoeLab daga Faransa aka haɗa a gabansa. Ya lura da cikas ɗinta: da yawa daga cikin gaɓoɓinta sai wata firintar ta buga su, sauran kuma sai an yi odarsu daga Turai. Mai son irinta a Lome kullum hannunsa na miƙe yana jira. Sai ya juya ga abin da Lome ke da shi a yalwace, wato tsofaffin kwamfutoci da firintoci da sikana da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa, waɗanda da yawansu a juji suke ƙarewa.

A nan basirar aikin take, kuma sai wanda ya taɓa buɗe akwatin kwamfuta zai gane ta sosai. Akwatin ba kwano ne kawai ba. Tun 1995 da kamfanin Intel ya fitar da ma'aunin ATX, ramukan da ake ɗaure babban allo a kansu, da gurbin akwatin wuta, da tagar baya, duk suna da wurin zama ƙayyadadde. A masana'anta aka lanƙwasa ƙarfen, kusurwoyinsa a miƙe suke, abin da mai walda zai sha wuya kafin ya samu da ido da guduma. Idan ka kwance murfin gefe, ka zare babban allo da wayoyi, ka huda ƙusoshin da suka riƙe kejin faifai ka fitar da shi, abin da ya rage maka ɗaki ne na ƙarfe mai kusurwa huɗu, cike da ramukan noti. A cikin wannan ɗaki za ka shimfiɗa sandunan ƙarfe masu santsi da ka ciro daga sikana, ka ɗaura bel mai haƙora da ƙananan injunan tsohuwar firinta. Akwatin wutar kwamfutar ma ba ya tafiya a banza, don yana ba da bolt 12, daidai abin da irin waɗannan na'urori ke sha. Wani ya dubi akwatin ya ga mushe, Afate ya dube shi ya ga firam da aka riga aka auna masa.

Kuɗin da aka ce ya kashe bai wuce dalar Amurka 100 ba, a lokacin da firintar kanti ke cin ninkin-ba-ninkin wannan. Jama'a sun tara masa sama da yuro 4,000 ta dandalin Ulule don ya inganta ta, kimanin sefa miliyan 2.6 ke nan. A 2013 ta shiga gasar hukumar NASA da wani tsari na tura irinta duniyar Mars, a 2014 kuma ta ɗauki kyautar farko a babban taron zaurukan ƙere-ƙere na duniya, Fab10, a Barsalona. Ta cancanci wannan yabo. Sai dai labarin Mars, wanda jaridu suka fi yayatawa, shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin lamarin. Ƙimar W.Afate a ƙasa take, a hannun yaron unguwa da ya ga an haɗa ta da sukundireba da zarto.

Ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya, kuma na'urar tana da rauni. Na farko, ƙarfen akwatin kwamfuta siriri ne, galibi bai kai milimita ɗaya ba. An yi shi ne don ya rufe kaya masu zaman lafiya, ba don ya jure fizgar inji mai kai da komo ba. Da zarar an cire murfi da keji sai ya fara lanƙwasa, kuma ɗan motsin da ido ba ya gani yana fitowa ɓaro-ɓaro a jikin abin da aka buga. Dole a ƙara masa tokari a kusurwoyi, in ba haka ba a rage gudu. Na biyu, kayan juji ba su da tagwaye. Sandar wannan sikana ta fi ta waccan tsawo, haƙoran wannan bel sun fi na wancan tazara, kuma firintocin tawada na baya-bayan nan da yawa sun daina amfani da injin da ke juyawa taki-taki, wanda shi ake bukata. Saboda haka wanda zai kwaikwayi W.Afate ba zane kawai zai bi ba, sai ya sake lissafi da kansa. Wannan makaranta ce mai kyau, amma hanya ce mai jinkiri ga mai son ya ƙera goma ya sayar.

Na uku shi ne ya fi nauyi. Ƙwaƙwalwar na'urar, wato allon Arduino da ke ba injuna umarni, sabo aka saya. Zaren robar ma kayan waje ne. Jikin ya sami 'yanci, abincinsa bai samu ba. Haka nan masu cewa wannan ce maganin sharar lantarki sun zarce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Firinta dubu ba za su rage wannan tsauni ba. Aikin doka ne, irin yarjejeniyar Bamako ta 1991 da ta haramta shigo da shara mai guba Afirka. Bai kamata hazaƙar Afate ta zama hujjar masu jibge mana tarkacensu ba.

W.Afate tana da 'yar'uwa da ta bi hanyar a juye. Ita ce Jerry, wadda ɗaliban wata makarantar zane a Paris suka fara a 2011, ta kuma yi farin jini a Kodebuwa da Togo da Benin. A nan jarka ake yankewa a mai da ita akwati, a ɗaure babban allo da faifai da akwatin wuta a cikinta, a ɗora mata manhajar Linux, sau da yawa samfurin Emmabuntüs da aka tsara don tsofaffin kwamfutoci. Jerry ta fi sauƙin haɗawa, ta kuma fi saurin amfani a aji. W.Afate ta fi ta zurfin tunani, domin ba mazubi kawai ta sauya ba, sana'ar akwatin ta sauya gaba ɗaya.

To, me mutumin garinmu Filinge zai ɗauka? Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake narka gwangwani a zuba tukunya, a buɗe ganga a fitar da akwati da murhu. Maƙeran yankinmu na Kurfai ma sun daɗe suna fitar da fartanya da gatari daga ƙarfen mota. Abin da Afate ya ƙara shi ne ya nuna cewa wannan hannu ɗin zai iya shiga cikin na'urar zamani ba tare da jin tsoro ba. Tsofaffin kwamfutocin da ke jibge a ɗakunan ajiya na ofisoshi da makarantu, ƙura ta lulluɓe su, kowacce tana ɗauke da firam da fanka da akwatin wuta.

Amma wanda zai gina irinta a nan kwarin Dallol Bosso sai ya gyara abubuwa uku. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da man sanduna ta zama gari mai cin ƙarfe, don haka maimakon a bar akwatin a buɗe, gara a mayar masa da murfinsa, a sa kyalle mai tace iska a bakin fanka. Zafin bazara yana haura digiri 40 a inuwa, robar PLA da ake yin zaren da ita kuwa tana fara laushi tun wajen digiri 60, abin da ƙarfen da ya wuni a rana ke iya kaiwa. Kayan da za su yi aiki a gona suna bukatar roba mai jure zafi. Sannan bugu ɗaya yakan ɗauki sa'o'i, in wuta ta ɗauke a tsakiya aikin ya lalace, saboda haka batir da farantin hasken rana suna cikin lissafi tun farko. In an cika waɗannan, akwai abin bugawa da yawa: mahaɗin tiyo na masu lambu, ƙaramin giya na rediyo ko keken ɗinki da ya karye aka rasa a kasuwa, siffofin lissafi da malami zai miƙa wa ɗalibi ya taɓa.

Hukuncina shi ne W.Afate aiki ne nagari, wanda darasinsa ya fi bugunsa kyau. Ba zan ce wa ɗan kasuwa ya zuba jari a kanta yana jiran riba gobe ba. Amma zan ce wa kowane malamin makarantar koyon sana'a, daga Filinge zuwa Balleyara, ya nemi izini a fito masa da matacciyar kwamfuta guda, ya kira mai gyaran rediyo da mai walda, su zauna da ɗalibai su kwance ta noti bayan noti. Ko ba su kai ga firinta a shekarar farko ba, za su fita sun san sunan kowace gaɓa da aikinta, kuma da wannan sani ake fara ƙira.